Jitar Farko a Legas: Ta Lantarki, Mai Tsirkiyar Ƙarfe, Ko Mai Nailan?

Wanda ya ƙuduri niyyar haɗa jita da hannunsa a gida, hanyoyi uku ne a gabansa. Akwai ta lantarki, wadda jikinta dunƙulen katako ne ba akwati, sai an jona ta da sifika take magana. Akwai mai akwati da tsirkiyar ƙarfe, wadda aka fi gani a hannun matasa. Sai mai akwati da tsirkiyar nailan, irin ta Sifaniya. Daga nesa duk jita ce, amma aikin haɗa su ya sha bamban, kuma a nan Legas danshin iska ya fi ra'ayin mai aikin ƙarfi wajen yanke hukunci. Shawarata ita ce, in wannan ce jitarka ta farko, kuma wurin aikinka bai wuce lungun ɗaki ko baranda a Agege ko Idi-Araba ba, ka fara da ta lantarki. Zan kawo dalilaina, zan kuma faɗi wuraren da shawarar ba ta dace da kowa ba.

Katako, ko bayan an sare shi an yanka ya shekara a ajiye, bai daina shan ruwa daga iska yana fitarwa ba. In ya sha ya kumbura ta faɗi, in ya fitar ya tsuke, kamar yadda fatar gurmi ke saki da damina ta ɗaure da rani. Shi ya sa masu haɗa jita a Turai da Amurka suke tsayar da danshin ɗakin aikinsu tsakanin kashi 45 zuwa 50 cikin 100, inda ruwan da ke jikin katako yake zama wajen kashi 8 ko 9. Iskar Legas kuwa mafi yawan shekara a wajen kashi 80 take kai-kawo, da damina ta haura. Katakon da ya zauna a irin wannan iska, ko shekara goma ya yi, ruwan jikinsa yana nan wajen kashi 15 ko 16. A ido ya bushe, a hannu ya bushe, amma bushewar Legas ce.

Mu kuma mutanen tafiya ne. Jitar da aka haɗa a Mile 12 cikin watan Yuli, ba abin mamaki ba ne watan Janairu ya riske ta a Kano ko Sakkwato, lokacin da hunturu ke saukar da danshi ƙasa da kashi 20. To dubi abin da zai sami mai akwati. Fuskarta ta kusa santimita 40 a faɗi, kaurinta bai wuce milimita 3 ba, an manne ta da gefe ta ko'ina, an kuma gitta mata sandunan tokari ta ciki. Tana so ta tsuke da milimita 5 ko fiye, gam ya riƙe ta ya hana. Abin da ya rage mata shi ne ta tsage, galibi daga ƙasan jaki, wato katakon da ake ɗaure tsirkiyoyi a kansa a fuskar jita, zuwa gindi, ko kuma a gefen allon yatsu. Aikin watanni ya lalace cikin kwanaki. Akasin haka ya fi sauƙi: jitar da aka haɗa a busasshen wuri aka kawo ta cikin danshi, fuskarta za ta ɗan yi tozo, tsirkiyoyi su ɗaga, sautin ya ɗan dushe, amma da wuya ta fashe. Don haka ƙa'idar masu sana'ar ita ce a manne akwati a iskar da ta fi ta inda jitar za ta zauna bushewa.

Ta lantarki ba ruwanta da mafi yawan wannan fargaba. Jikinta katako ne mai kaurin milimita 44 ko 45, ba abin da aka gitta masa da zai hana shi motsi. In ta sha hunturu, allon yatsu zai ɗan tsuke, bakunan firet, wato siraran ƙarafan da aka gitta a kan allon, su leƙo suna kartar hannu, wuya ya ɗan sauya lanƙwasa. Magagari da ɗan makullin juya sandar ƙarfen da ke cikin wuya sun ishe ka gyara wannan da yamma ɗaya.

Akwai dabara ga wanda ya nace sai mai akwati. Na'urar sanyaya ɗaki tana rage danshi, amma sai ta yi ta aiki ba yankewa, kuma kowa ya san halin wutar lantarki. Abin da ya fi araha shi ne kabad mai rufewa sosai, a sa kwan fitila irin na da mai zafi a ƙasansa, da ƙaramin ma'aunin danshi a ciki. Iskar da take digiri 30 da danshi kashi 80, in ka ɗumama ta zuwa digiri 40, danshin yana sauka kusan kashi 46. A ciki za ka ajiye fuska da baya da sandunan tokari na makonni, ka fito da su lokacin manne kawai, ka mayar da zarar ka matse. Yana aiki, amma yana son wuta mai ɗorewa ko batir, da kula kada kwan ya taɓa katako. Ga mai koyo, wannan nauyi ne a kan nauyi.

Abu na biyu shi ne ƙarfin da tsirkiyoyi ke jan jita da shi dare da rana. Tsirkiyoyin ƙarfe shida na jita mai akwati, matsakaita, suna ja da nauyin da ya kai kilo 70 ko ɗan fiye. Na nailan wajen kilo 35 zuwa 40. Na lantarki suna tsakani, wajen kilo 45. A mai akwati, duk wannan jan yana kan jaki ne, jakin kuma gam kawai ya riƙe shi a kan siririn allo. A nan gwanintar take: in ka bar fuska da kauri, jitar ta yi ƙarko amma ta zama bebiya, in ka sassabe ta da yawa ta yi murya mai daɗi, bayan shekara ta bankare. Kamfanin Martin na Amurka ya shahara da tokari mai gicciye tun shekarun 1840, kuma shi ne daga baya ya iya ɗaukar tsirkiyar ƙarfe. A ɓangaren nailan, tsarin Antonio de Torres na Almeriya a Sifaniya, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892, shi ake bi har yau: siraran sanduna bakwai a baje a ƙarƙashin fuska mai kaurin milimita 2 zuwa 2.5. Da yake jan nailan bai wuce rabin na ƙarfe da yawa ba, kuskuren mai koyo a nan bai cika zama hasara ba. Jitar nailan ta gargajiya ma ba a sa mata sandar ƙarfe a wuya.

Ta lantarki kuwa, wanda ya fitar da tsarinta mafi sauƙi, Leo Fender, mai gyaran rediyo ne, bai iya kaɗa jita ba. Tunaninsa na mai gyara ne: kowane sashe a iya kwance shi a sauya. Jitar da ya fitar a 1950, wadda aka raɗa wa suna Telecaster a 1951, shimfiɗaɗɗen katako ne da aka ɗaura wa wuya da sukuru huɗu. Wannan shi ne babban abin da ya sa nake tura mai koyo can. In kusurwar wuya ta kauce, ka kwance sukuru, ka cusa ɗan siririn katako a ƙarƙashi, ka mayar. In tsirkiya ta yi sama ko ƙasa, ko sautinta ya kauce a tsakiyar wuya, akwai sukurorin gyara wannan a jaki. In wuyan gaba ɗaya bai yi ba, ka sassaƙa wani, jikin yana nan. A jitar Sifaniya wuya da akwati tare ake gina su, kusurwar da ka ba shi ranar manne ita ce har abada. A mai tsirkiyar ƙarfe kuma, ramin ƙashin jaki, wato ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa kansa, sai an karkata shi da 'yan milimita don tsirkiyoyi masu kauri su yi daidai, kuma da zarar an manne jaki, matsar da shi babban aiki ne.

Wuri ɗaya da dukkansu suka yi tarayya, ba sassauci, shi ne awon firet. Ka ɗauki tsawon tsirkiya daga ƙashin sama, wanda ke saman wuya, zuwa jaki, milimita 648 a tsarin Fender, 650 a ta nailan, ka raba da 17.817. Abin da ya fito shi ne nisan firet na farko: a 648 zai ba ka 36.37. Ka cire shi daga tsawon, ka sake raba ragowar da wannan lamba, na biyu ya fito 34.33, haka har ƙarshe. Firet na 12 dole ya faɗo daidai tsakiya, wato 324. Kuskuren rabin milimita kunne yana jin sa. Tef ɗin kafinta ba zai yi ba, sai doguwar rular ƙarfe, kuma kowane awo daga ƙashin sama za ka ɗauko shi, ba daga firet ɗin da ya gabata ba, don kada kurakurai su taru. A nan ta nailan ta ɗan fi yafiya, domin allon yatsunta a miƙe yake ba tudu, kuma tsirkiyoyinta suna nesa da firet da milimita 3 zuwa 4. Na lantarki ba su kai milimita 2 ba, don haka firet ɗaya in ya ɗara 'yan'uwansa tsawo, za ka ji zizar.

Sai batun katako, inda Allah ya yi mana arziki fiye da yadda muka sani. Mahoganin da ake sayarwa a kasuwar katako ta Mushin ɗan'uwan maɗaci ne na kurmi, kuma a kasuwannin duniya akwai irinsa da ake kira da sunan Legas. Sapele, wanda manyan kamfanonin jita ke yin baya da gefe da shi, sunan garin Sapele na Jihar Delta ya ɗauka. Afara ita ce Amurkawa ke kira korina, da ita kamfanin jita na Gibson ya yi jitocinsa Flying V da Explorer a 1958, kuma yau masu kuɗi suna nemanta ruwa a jallo. Ke nan jikin jitar lantarki da wuyanta duk za ka same su a gida. Obeche ma yana yi, ba shi da nauyi, yana da daɗin sassaƙa, sai dai yana da taushi, abu kaɗan ya lotsa shi, kuma sukuru bai cika kama shi da kyau ba. Iroko ban ba da shawara ba: yana da nauyi, yana dakusar da kaifi, ƙurarsa tana damun ƙirji da fata. Allon yatsu da jaki suna son katako mai tauri, irin su kanya mai baƙar zuciya ko kawo, wanda 'yan kasuwar nan ke kira apa. Madobiya ta dace da wannan aiki ƙwarai, amma an yi mata kisan mummuƙe ana lodawa zuwa Sin, har ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu tun 2017. In ba guntun tsohon kayan ɗaki ka samu ba, a bar ta ta huta.

In ka je kasuwa, kada ka tsaya kallon fuskar katako, ka zaga ka duƙa ka dubi bakinsa inda zarto ya yanka. Layukan da ke wurin in a tsaye suke daga sama zuwa ƙasa, shi kake nema, musamman don wuya, domin irinsa bai cika murɗewa ba. In a kwance suke ko sun yi baka, ka wuce. Ka ɗaga shi ka leƙa tsawonsa da ido ɗaya, ka nemi ƙananan ramukan ƙwari da garin da suke zubarwa. Sannan ka sani yawancin abin da ke kasuwa ɗanye ne, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri kafin ya bushe a iska. Shi ya sa tsohuwar ƙofa ko kan gadon mahogani da ya shekara talatin a ɗaki ya fi sabon katako daraja a wurin mai haɗa jita. Ka bi masu sayar da tsofaffin kayan gini, ka dai bincika ƙusoshin da suka nutse kafin ka sa filen.

Inda gida ya gaza shi ne fuskar jita mai akwati. Itatuwan da aka saba yin ta da su, sufurus da sida, na ƙasashen sanyi ne, ba sa fitowa a nan, sai an yi odarsu da dala. A nan lissafin ya juya tsakanin masu akwatin biyu. Ta nailan, wadda na ce ta fi yafe kuskure, ita ce ta fi buƙatar wannan baƙon katako, saboda tsirkiyarta ba ta da ƙarfin girgiza allo mai nauyi. Torres da kansa ya nuna haka a 1862, lokacin da ya yi jita mai baya da gefe na kwali, fuskarta kawai ya yi da katako mai kyau, kuma ta yi murya. Mai tsirkiyar ƙarfe kuwa tana karɓar fuskar mahogani, Martin yana yin irinta tun shekarun 1920, sautinta mai ɗumi ne, ba kaifi. Saboda haka wanda ba zai yi odar komai daga waje ba, kuma akwati yake so, ƙaramar jita mai tsirkiyar ƙarfe, mahogani sama da ƙasa, ta fi masa. Ƙanƙantar faɗinta ma tana rage haɗarin tsagewa.

Ƙashin sama da na jaki kada ka saye su. Mahautan Oko-Oba a Agege, da yawansu 'yan'uwanmu ne, ƙashin ƙwaurin saniya ba zai gagare ka ba. Ka yanke kawunan, ka fitar da ɓargo, ka dafa shi da ɗan omo, ka sauya ruwa har maiƙo ya daina tasowa, sannan ka shanya shi a inuwa na makonni. In ka gaggauta, maiƙon da ya rage zai fito daga baya ya ɓata katako ya hana gam kamawa. Wanda ya bushe da kyau fari ne sol, kuma ya fi robar da ke zuwa a jitocin kasuwa nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda ta lantarki take da rauni, kuma ba ƙarami ba ne. Na farko, aikinta na inji ne. Ramin wuya da na fikof, na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya, da na wayoyi, injin fafe katako da ake kira rawuta ne ke fafe su da tsabta, shi kuma yana son wuta, yana da ƙara, yana tayar da ƙura. A gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, wannan neman rigima ne da maƙwabta. Ana iya yi da na'urar huda da kurfi mai kaifi, ko ka kai wa kafinta mai inji ya fafe maka kana tsaye da awonka. Mai akwati kuwa kusan duk aikinta na hannu ne, filen da kurfi da zarto da samfefa, cikin natsuwa. Ko lanƙwasa gefe ba ya buƙatar wutar lantarki: bututun ƙarfe ne ake ɗumamawa da gas, a yayyafa wa allon mai kaurin milimita 2 ruwa, a ɗora shi a kai ana murzawa gaba da baya. Za ka ji ruwan yana cuwa, ƙamshin katako ya tashi, can sai ka ji allon ya saki a hannunka ya fara bin ka. In ka matsa kafin ya saki, ya karye. A duk aikin jita ba abin da ya kai wannan daɗi a wurina, kuma mai haɗa ta lantarki ba zai ɗanɗana shi ba.

Na biyu, kayan ƙarfenta da yawa: fikof, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, da jakin ƙarfe, da maɓallan ƙara, da soket, sannan uwa uba amfilifaya, wadda in babu ita jitar ba ta da murya. Duk ana samun su a Alaba, farashinsu yana bin dala. Hanyar rage kuɗi ita ce ka sayi jitar gwanjo da ta karye ka kwashe kayanta. In wuyanta lafiyayye ne ma, ka yi amfani da shi a aikin farko, ba abin kunya ba ne. Na uku, kuma wannan batun rai ne: tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da wayar at ta amfilifaya, wato wayar da ke zubar da wuta cikin ƙasa. Gidaje da yawa a nan ba su da at na kirki, ga janareta. Ƙaramar illar ita ce gurnanin da za ka riƙa ji a sifika, wanda fikof mai naɗi biyu, irin wanda Seth Lover ya ƙera wa Gibson ya fito a 1957, yake rage shi sosai. Babbar illar ita ce amfilifaya mai matsala ta sako wuta ta tsirkiya. Ka sa mai wayarin ya duba soket ɗinka, ko ka yi amfani da ƙaramar amfilifaya mai batir.

Gam da fenti ba za su ɗauke mu lokaci ba. Farin gam na kafintoci yana riƙe jikin jitar lantarki, amma a jakin mai akwati yana saki a hankali cikin zafi, don haka a nemi Titebond na asali mai jan tambari. Gam mai danƙo na masu kushin kada ya kusanci jita ko kaɗan. Fentin feshi in an yi shi ranar da iska ta jiƙe yakan yi hazo, gara a jira Disamba ko Janairu. Jikin ta lantarki mai fentin mota zai fesa maka shi tsaf, ko ka shafe shi da man katako. Fuskar mai akwati kuwa siririn shafi take so, fenti mai kauri yana kashe mata murya. Tsatsa kuma ta iskar teku ce, tana cin tsirkiyar ƙarfe da sauri ko a wace jita take, sai a riƙa gogewa da ƙyalle bayan kowane kiɗa. Nan nailan ta fi hutu.

To wa ya kamata ya ɗauki wacce? Wanda bai taɓa haɗa kayan kiɗa ba, ko yake shirin kai jitar Arewa, ya yi ta lantarki mai shimfiɗaɗɗen jiki, afara ko mahogani, wuya mai sukuru, fikof ɗaya mai naɗi biyu. A nan zai koyi wuya da firet da saiti, waɗanda su ne rabin aikin kowace jita, ba tare da danshi yana jiran sa a ƙofa ba. Kafintan da hannunsa ya faɗa da filen da kurfi, wanda jitarsa a Legas za ta zauna, kuma yake son abin da zai ɗauka ya kaɗa a tsakar gida ko an ɗauke wuta, zai iya shiga mai akwati kai tsaye: ƙaramar mahogani mai tsirkiyar ƙarfe in kayan gida kawai zai yi amfani da su, ta nailan in zai iya odar fuska. Shi ma ya fara haɗa kabad ɗin busarwa kafin ya yanka komai. Ko wacce ka zaɓa, katakon za ka fara saya tun yanzu, ka shafe bakunansa da fenti ko kakin kyandir don kada su tsattsage, ka jera shi a cikin ɗaki nesa da bango da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ka rubuta kwanan wata a jikinsa. Kafin ya bushe ka tara kayan aiki, ka zana jitar da cikakken girmanta a kan kwali, ka kuma gwada yanka ramin firet a guntayen katako har hannunka ya daina kaucewa.